Fiƙar Misis Lovatt

Likitan haƙori ya leƙa bakin Enid Lovatt, ya daɗe yana leƙe, sannan ya ɗago ya ce fiƙar nan ta gama aiki, cire ta za a yi. Enid ta yunƙura ta tashi zaune, ta fizge ƙyallen da aka ɗaura mata a wuya, ta ce sai bayan kasuwar tangaran.

"Misis Lovatt, girgiɗi fa take yi. Ruɓar ta kai har saiwa. Yaya ma kike iya barci?"

"Wa ya gaya maka ina barci? Ka bar mini abata zuwa bayan kasuwa. Daga nan in ka ga dama ka huda ta ka rataya a wuya."

Kada ku ce rigimar tsufa ce, ko da yake wannan ma Enid ba ta rasa ba. Fiƙar nan ta sama, ta gefen hagu, ita kaɗai ta rage mata cikin haƙoran da Allah ya ba ta. Sauran duk na roba ne. Kuma da ita take aiki.

A nan Burslem kowa ganin kansa yake masani a kan tsohon tangaran. Ka miƙa wa ɗanmu faranti a gidan biki, sai ya ɗaga shi ya leƙa tambarin gindi kafin ya dubi abin da aka zuba masa. Amma ranar da ƙungiyar masu tara tangaran ta buɗe kasuwarta ta shekara a zauren coci, kujera ɗaya ake ajiyewa a bakin ƙofa, kuma Enid ce a kanta tun gashinta yana baƙi. Duk faranti, duk butar shayi, duk kwanon miya sai ya bi ta hannunta. Ta kifa shi ta karanta tambari, ta ɗaga shi a haske, ta ƙyasta shi da farce ta saurari amonsa. Daga ƙarshe ta kai shi baki, ta bi gefensa da fiƙa tana ɗan ƙwanƙwasawa. Tangaran na asali, wanda ya sha wuta, ƙas yake amsa wa haƙori. Inda mai gyara ya cike da gam ya shafe da fenti kuwa, ko ya ruɗi ido, a haƙori kamar kyandir yake. Wanda ta liƙa wa koriyar takarda, mai saye ya ɗauka ido rufe. Wanda ta liƙa wa ja, mai shi ya koma gida yana zaginta a mota.

Bara ne tsautsayi ya gitta. Fiƙar ta fara ciwo, kaya kuma sun yi yawa, sai wata butar shayi mai furanni ta zo hannunta wajen yamma. Ta kifa, ta ɗaga, ta ƙyasta, komai daidai. Ta dubi mariƙin butar, ta tuna zugin da ke jiranta, ta ce a ranta wannan ai ba sai an kai baki ba. Ta liƙa kore. Wata mata daga garin Leek ta saya, ta gayyaci surukarta shan shayi, ta cika buta da tafasasshen ruwa, ta ɗaga. Mariƙi ya tsaya a hannunta, buta ta sauka a cinyar suruka. Ba wanda ya mutu, amma magana ta zaga gari tun shayin bai huce ba, kuma Enid ta ji kunyar da ba ta taɓa jin irinta ba.

Shugaban ƙungiyar Cyril Dakin ne, tsohon direban bas, mai son duk wani abin da ake sa wa batir. Benci ɗaya suka zauna da Enid a firamare, kuma tun daga lokacin ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ko da tambaya ce ta ƙarfe nawa. Ana saura 'yan kwanaki kasuwar bana ya same ta a shagon Muriel, ƙanwar marigayi mijinta, mai toya otkek, wani irin fanke na garinmu, a bayan tashar bas. Enid na zaune tana tauna nata da gefe ɗaya na baki. Can a kusurwa Horace Mellor ne, mai gyaran fasasshen tangaran, mutumin da zai wuni bai ce uffan ba, yana naɗe nasa da cuku.

Cyril ya dangwara wani ɗan akwati a teburinta.

"Enid, tashi ki gaida magajiyarki."

Ya buɗe. Tocila ce baƙa, doguwa. Ya danna ta, ta ba da wani shuɗin haske mai kama da na wutar gas.

"A duhu ake haskawa," in ji shi. "Duk inda aka taɓa gyarawa sai ya fito fili, launinsa daban. Ba lasa, ba yawu."

"Lasa? Kai Cyril, yaushe ka ga na lasa? Kare ka mai da ni?"

"Mutane na tasowa tun daga London, su iske tsohuwa ta kafa baki a butar da za su saya. Haba! An wuce nan. Kuma ba ni na ƙone cinyar matar nan ba. Karen bana shi ke maganin zomon bana."

Maganar cinya ta soke ta, don gaskiya ce. Ta ajiye cokali mai yatsu a hankali.

"Karen naka in batir ya ƙare fa?"

"A canja wani. Ke in naki ya ƙare a ina ake sayarwa?"

Muriel ta leƙo daga bayan kantar shago da ludayin ƙulli a hannu. "Cyril Dakin, in faɗa ka zo yi da matar yayana, ka fita waje. Nan wurin cin abinci ne."

Sai Horace ya yi gyaran murya, kowa ya juya, don abin ba a saba ji ba ne. Ya ce yana da kaya a gida, wasu shi ya gyara su da hannunsa, wasu ba a taɓa taɓa su ba, kuma ban da shi ba wanda ya san wanne ne wanne. Zai kawo su ranar kasuwa. Tocila ta duba, Enid ta duba, wanda ya fi gane gaskiya shi ke da kujera.

"In an yi kunnen doki kuma, tocila ta ci," in ji Cyril da sauri. "Don ita ba ta tsufa."

"Na yarda," in ji Enid, tun kafin hankalinta ya ce mata komai.

Sai da ta koma gida ta gane abin da ta ɗauko wa kanta. Ta shiga ɗan ɗakin ajiyarta na bayan kicin, inda ko da rani sai ka sa rigar sanyi, ta sauko da wani farantin uwarta wanda ta san an taɓa cike masa gefe. Ta kai baki ta ƙwanƙwasa. Wayyo! Haƙorin ya karkata a dasashi, zafi ya rufe mata ido, amma ƙas ɗin nan babu shi. Ta gwada wurin gyaran, duk ɗaya. Haƙori mai girgiɗi ba ya jin tauri, ba ya jin laushi, kansa kawai yake ji. Ta zauna a kan buhun dankali da faranti a cinya, ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba tun jana'izar mijinta. Ba kujerar kaɗai ba ce. So take in za ta bar ta, ta tashi da ƙafarta, ba a ɗaga ta kamar tsohon kabad a fitar ba.

Da kukan ya lafa, ta sake ɗaga farantin, wannan karon ba ta ƙwanƙwasa ba, ta dai jingina gefensa da fiƙar a hankali, kamar mai bankwana. Sai ta ji wani abu ya tsarga mata daga haƙori har cikin kunne, siriri, mai kaifi. Sanyi ne. Ta zabura. Ta juya farantin zuwa inda aka cike, ta jingina. Shiru. Ba zugi, ba komai, kamar ta taɓa katako. Ta koma lafiyayyen wuri, abin ya sake tsarga mata har hawaye ya zubo.

Ashe! Tangaran na asali yana riƙe sanyi, gam da fenti ba sa riƙewa. Da can lafiyayyen haƙori bai damu da wannan ba. Ruɓaɓɓe kuwa, wanda jijiyarsa ke waje, ko iska ta shiga baki sai ya ba da labari. Enid ta bi duk farantan ɗakin ɗaya bayan ɗaya, tana ihu tana dariya, har maƙwabciyarta ta buga bango. Ba ta gaya wa kowa ba, ko Muriel. Ta kuma daina sa man kanumfari, kada ya kashe mata ciwon.

Ranar kasuwa gari ya tashi da sanyi mai ratsa ƙashi, amma zauren coci ya cika maƙil, don labari ya bazu. Har waɗanda ba su taɓa sayen ko kofi ba sun zo kallo. Horace ya jera kayansa a wani tebur can ƙuryar zaure, inda Cyril ya zaɓa saboda ya fi duhu. Aka ce tocila ce za ta fara, Enid ta shiga kicin don kada ta ji hukuncinta. Abin da ta gani na ƙarshe kafin Muriel ta ja ƙofa shi ne shugaban ƙungiya ya lulluɓe kansa da teburin da baƙin bargo, ba abin da ke waje sai ɗuwawunsa da takalma.

"Ki sha shayi mana," in ji Muriel.

"Ba na sha."

"Ke? Tun da na san ki ban taɓa jin kin ƙi shayi ba. Lafiya kuwa?"

"Muriel, ƙyale ni."

Da aka kira ta, mutane suka dare suka ba ta hanya. Cyril na tsaye, gashi a hargitse, fuska ja wur, yana murmushin wanda ya riga ya ci. Enid ta tsaya a gaban tebur ta miƙa hannu ta ɗauki farantin farko.

Farantin da ɗumi, kamar burodin da aka sauke yanzu. Ta taɓa kofi, ta taɓa kwanon romo, duk haka. Ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin tebur, sai ga bututun ɗumama zaure ya bi ta jikin bango, yana huci. Tun safe kayan ke zaune a kansa, ga bargo an lulluɓa musu. Duk da haka ta kai farantin baki ta jingina, ko Allah zai sa. Ko alama. Ta zaga gefen duka, haƙori ya yi lakur kamar ba shi ne ke hana ta barci ba.

"To?" in ji Cyril. "Kore ko ja?"

Ba da gangan ya yi ba, wannan ta sani, don bai san sirrin ba balle ya yi mata tarko. Amma da gangan da ba gangan ba, ga ta nan tsaye a gaban gari da makamin da ba ya ci. Tana iya yin canke. Ido da kunne za su kai ta wani wuri, amma aikin Horace ba na ido ba ne. Ta ajiye farantin.

"A fitar da su waje."

"Waje ina?"

"Farfajiya. A jera su a kan katanga su sha iska."

Aka fara gunaguni. Cyril ya buɗe hannuwa yana duban jama'a. "Kun gani ko? An fara kame-kame. Enid, in ba za ki iya ba, ki ce ba za ki iya ba, ba wanda zai yi miki dariya. Me iska za ta ƙara wa faranti?"

Nan ne wurin ya yi mata ƙunci. In ta faɗi dalili, ta faɗa wa duniya cewa haƙorin ya mutu, kwanansa ƙirge, kuma ko ta ci yau ba ta da abin aiki baɗi. In ta yi shiru, a yau ɗin za a ɗauke kujera. Ta dubi Muriel, ta dubi fuskokin da ta sani tun suna yara. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta sa yatsa ta ɗage leɓenta na sama, ta juya ta nuna wa kowa, dama da hagu.

"Ku kalla da kyau. Baƙi ne, ruɓaɓɓe ne, girgiɗi yake yi. Ana gama kasuwar nan likita zai cire shi. Ba ya jin tauri yanzu, sanyi kawai yake ji. In tangaran na asali ne, zai soke ni har kunne. In gyara ne, ba zan ji komai ba. Ku kuma kun gasa mini su a kan bututu. Cyril, ka samu duhunka. Ni ma a ba ni sanyina."

Muriel ta dafe baki. Cyril ya buɗe nasa zai yi magana, sai ya ga Horace ya riga ya rungumi babban kwanon miya ya nufi ƙofa. Wani ya ɗauki faranti, wata ta ɗauki kofi, haka aka fita a jere kamar masu rakiyar gawa, kowa na takawa a hankali da abin da ke hannunsa. Masu rumfuna suka bar kayansu ba mai tsaro. Aka jera kaya a kan katangar dutse ta farfajiyar coci, aka tsaya ana bubbuga ƙafa, ana hura hannu, hayaƙi na fita daga bakin kowa. Enid ta riƙa taɓa gindin faranti da bayan hannu, har ta ji ya yi yadda take so.

Ta ɗauki na farko, farin faranti mai zoben zinariya. Ta jingina.

"Wayyo Allah!"

Ta matsa gaba kaɗan. "Wayyo!" Ta zaga shi kaf, kowane wuri da ihunsa. Ta share ido da hannun riga ta ce, "Kore."

"Haka ne," in ji Horace. "Tocila ma haka ta ce."

Na biyu kwanon romo ne mai dogon baki. Ta bi gefe tana ihu, ta bi mariƙi tana ihu, da ta zo kan bakin sai fuskarta ta saki. Ta sake jinginawa, ta lumshe ido kamar mai shan inuwa. "Nan. Daga nan zuwa nan ba nasa ba ne. Ja."

"Haka ne. Tocila ma ta gani."

Kafin a zo na uku jama'a sun gane karatun. Enid ta yi ihu, su yi shewa. Ta yi shiru, su ja numfashi su ce "Af!" Wani tsoho daga baya ya riƙa cewa, "Ƙara mata, ƙara mata, lafiyayye ne!" har matarsa ta make shi da jaka. Ban taɓa ganin taron da ke murna da azabar mutum haka ba, kuma ita mai azabar ta fi kowa jin daɗi. Kofi ya wuce, kore. Babban farantin nama ya wuce, ja, an ɗinke shi a tsakiya. Kowane hukunci, Horace ya gyaɗa kai ya ce tocila ma haka ta ce. A ba Cyril haƙƙinsa, abin nasa yana aiki. Ya tsaya rungume da tocilar a ƙirji yana murmushi, don ya san kunnen doki nasa ne.

Saura kwanon miya. Ƙato ne, mai murfi, da zanen shuɗi na shanu suna shan ruwa a ƙarƙashin gada, irin wanda kakanninmu suka gasa tun ana toya tangaran da gawayin kwal. Zuwa lokacin kuncin Enid ya kumbura, idonta na hagu ya ƙanƙance. Muriel ta matso ta riƙe mata kwanon, tana raɗa mata, "Enid, ya isa haka, don Allah. Kujera ce fa kawai."

"Riƙe da kyau, kada ki fasa wa mutum kaya."

Ta sunkuya ta bi bakin kwanon. Zugi. Ta bi kunnen dama, zugi, kunnen hagu, zugi. Ta sa aka kifa shi ta bi gindi. Yanzu ihun ma ya ƙare mata, sai nishi. Ta karɓi murfin ta zaga gefensa duka, ba inda bai soke ta ba. Mutanen da suka ji hukuncin tocila suka fara kallon juna, wasu suka sunkuyar da kai, daga nan ta gane tocila kore ta ce. In ita ma ta ce kore, shi ke nan.

Abu ɗaya ya rage, ɗan mariƙin da ke saman murfin, mai siffar tohon fure. Ta dube shi da idon da ya rage mata. Sheƙinsa ɗaya da na murfi, shuɗinsa ɗaya, har 'yan tsage-tsagen tsufa sun bi ta kansa sun wuce ba su katse ba. Komai nata ya ce mata wannan ai ba sai an kai baki ba. Ta san muryar nan, ta taɓa bin ta. Ta juya murfin, ta buɗe bakin da ya kusa ƙin buɗuwa, ta ɗora tohon furen a kan fiƙa.

Shiru.

Ta juya shi ta ɗaya gefen. Shiru. Ta gangara zuwa wuyansa, inda ya haɗu da murfi, tana matsawa kaɗan-kaɗan, ba komai, ba komai, sai zugi ya dawo ya buge ta har ta yi tangaɗi. Ta koma sama, ya ɗauke. Ta ɗago kai.

"Ja," in ji ta. Muryar ta fito a daƙile, sai ta ƙara da ƙarfi. "Ja! Kwano lafiyayye ne, murfi lafiyayye ne. Furen nan gaba ɗayansa ba a wuta aka haife shi ba."

"Ƙarya ne!" in ji Cyril. "Na haska shi ta ko'ina. Ko ɗigo bai nuna ba. Horace, gaya mata!"

Horace bai ce haka ne ba, bai ce ba haka ba ne. Ya cire hularsa a cikin sanyin nan, ya riƙe ta a ciki.

"Ni na yi shi," in ji shi. "Murfin ya zo mini ba fure. Na ƙera, na zana, na shafe shi da wani ruwan sheƙi da na haɗa da kaina, wanda irin fitilar nan ba ta gani. Shekara da shekaru yana kan kabad ɗina. Dillalai sun juya shi, masana sun juya shi, kowa ya ce cikakke ne." Ya share hanci da hular. "Shi ne aikin da na fi alfahari da shi a duniya, kuma ba wanda ya taɓa sanin na yi. Misis Lovatt, na gode."

Kai, farfajiyar nan ta kaure! Tattabarun da ke kan rufin coci suka watse. Muriel ta ajiye kwano a katanga ta rungume Enid tana tsalle, tana kuka, tana zagin Cyril duk a lokaci ɗaya. Wasu maza biyu suka ruga zaure, suka fito ɗauke da kujerar bakin ƙofa a ka, suka dire ta a tsakiyar farfajiya. Enid ta zauna. Rabin fuskarta kamar ba nata ba, kanta na sara, amma daɗin da ke ranta ya fi ƙarfin ciwon nesa ba kusa ba. Ta ci, kuma a gaban kowa ta ci.

Cyril ya bari hayaniya ta lafa, sannan ya matso. Ya sa tocilar a aljihu. Ba mugu ba ne, taurin kai ne kawai ya yi masa yawa.

"Kin ci, Enid. Kujera taki ce, ba na ja." Ya yi ƙasa da murya. "Amma da bakinki kika ce za a cire shi. Baɗi fa? Ba don in ɓata miki rai ba. Ƙofar nan dole wani ya tsare ta."

Jama'a suka juyo suna kallonta, don tambayar na kan hanya. Enid ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Buɗe bakinka."

"Me?"

"Buɗe, na ce. Kurma ka zama?"

Ya buɗe, don bai san abin da zai yi ba in ba haka ba. Tabɗi! Reras, farare, ba ko ɗaya na roba, a bakin mutumin da ya haura saba'in.

"Ji wata asara," in ji Enid. "Duk wannan dukiya, ba abin da ake yi da ita sai cin otkek da gardama. Muriel, ba shi murfin."

"Enid, haba. A gaban mutane?"

"Ni a bayan mutane na yi? Kujera tawa ce, kai ka faɗa. Ido nawa ne, kunne nawa ne, hukunci nawa ne. Haƙori ne zan rasa, ga shi kuwa na samu. Ka kawo tocilarka ma, ba ta da laifi, ta yi ƙoƙari. Amma yau za ka fara karatu. Fara da gefe, ka ƙwanƙwasa a hankali, ba goro aka ba ka ba."

Cyril ya dubi murfin, ya dubi jama'a, kunnuwansa suka yi ja. Ya goge gefen da hannun riga, ya rufe ido, ya kai baki. Kowa ya ji ɗan ƙas ɗin.

"Yanzu furen."

Ya matsa sama ya ƙwanƙwasa. Ya buɗe ido. Ya koma gefe, ya dawo fure, ya sake komawa, ya manta sarai da cewa ana kallonsa.

"Kai!" in ji shi. "Enid, wannan ai laushi gare shi. Kamar... kamar sabulu."

"Kamar kyandir, sakare. Amma ka ji."

"Na ji! Na rantse na ji!"

"Ni ma a ba ni in gwada," in ji wata daga cikin taro. Wani ya ce shi ne a gaba, haƙoransa na ƙasa duk nasa ne. Kafin ka ce kwabo layi ya miƙe daga katanga har ƙofar coci, tsofaffi da masu sauran ƙarfi, har da baƙin London da jakunkunansu, kowa na taɓa haƙoransa da harshe yana lissafin wanne ne na gaske. Horace ya tsaya a gefe da tsumma yana goge murfi bayan kowane baki, yana roƙon a yi masa a hankali.

Enid ta gyara zama, ta ja mayafin wuyanta ta rufe kumburarren kunci.

"Muriel, kawo shayin nan yanzu, mai zafi. Ku kuma ku daina turereniya, ɗaya bayan ɗaya. Masu na roba su koma gefe, kada su ɓata mini lokaci."